Ranar da Sai-Na-Auna Ya Sa wa Tiyo Zarto

A layin gareji babu mai kiransa da sunansa na gaskiya, matasan makanikai ma ba su san yana da wani suna ba. Sai-Na-Auna ake ce masa, kuma da bakinsa ya jawo wa kansa. Ka zo masa a gaggauce, motarka na tsiyayar mai a bakin titi, ka ce, "Baba, yanko mini tiyo kamu biyu," ko kai ba zai ɗaga ba. "Sai na auna," zai ce. Ka rantse ka san girman, kai ka ciro tsohon da hannunka, ga shi ma ka zo da shi. "Sai na auna." Ka yi zuciya ka wuce shagon gaba, ba zai kira ka ba. Da yawa sun wuce, da yawa kuma sun dawo bayan kwana biyu suna sosa ƙeya.

Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, ya ba sittin baya da 'yan shekaru, kuma baƙin mai ya riga ya zauna a tsagar hannuwansa, ko sabulun duniya aka tara ba zai fita ba. Sana'arsa ita ce tiyo, ba wani abu ba: na ruwa, na fetur, na birki, na baƙin mai. Mazauninsa wani benci ne na katako mai kauri da ƙafafun ƙarfe, a kusurwar hagu daga ƙofar gareji, inda hasken safe ke fara sauka. A gefen bencin an ɗaure matsi na ƙarfe, a bangon da ke samansa kuma naɗe-naɗen tiyo ne rataye a ƙusoshi, baƙaƙe wuluk, waɗanda ni da kai za mu rantse duk iri ɗaya ne. Kada dai ka kuskura ka faɗi haka a gabansa.

Ba da tiyo ya fara ba. Direba ne tun yana ɗan ashirin da biyu, yana jan babbar motar wani mai fataucin katako. Motar tana da wata cuta: da ta kama hawan dutse da kaya, sai baƙin mai ya yi zafi ya tsinke ya koma kamar ruwa, inji ya fara wata ƙara marar daɗin ji. Wani direba ya ba shi shawara ya ƙara mata abin da makanikai ke kira kula. Wani ƙaramin lagireto ne da ake ɗaurawa a gaban mota, mai ya fito daga inji ta tiyo ɗaya, ya ratsa ta ciki iska ta sanyaya shi, ya koma ta ɗaya tiyon. Ya samo kula a wurin masu tsofaffin kayan mota, ya ɗauki tiyon da ya zo hannu, ya ɗaura da kansa, ya ja baya yana kallon aikinsa yana jin babu kamarsa a duk tashar. Kwana uku ya yi yana wannan taƙama. A na huɗu, a tsakiyar hawa, jar fitilar mai ta ƙifta sau biyu, kafin ya sami gefen tsayawa inji ya buga.

Mai motar bai tsaya jin bayani ba, ya karɓi makullinsa. Lokacin matarsa na ɗauke da cikin fari. Wani zai koma gida ya ce ƙaddara ce, ya nemi wata motar. Shi kuwa sai ya bi injin har inda aka kai shi aka buɗe, ya tsaya a kan makanikin ya ƙi gusawa. Abin da ya ɗaure masa kai, mai yana nan cike a ƙasan injin, amma ƙarafan ciki sun ƙone ƙurmus. Makanikin ya zaro tiyon, ya ɗaga shi saitin rana, ya ce ya leƙa. Ramin bai fi na alƙalami ba. "Mai yana nan," in ji makanikin. "Hanyar ce ka tsuke masa."

Tun daga ranar bai sake riƙe sitiyari don neman abinci ba. Haushi ne ya kai shi sana'ar tiyo, ba sha'awa ba, kuma haushin bai huce ba har yau. Ya je wurin mai injin feƙe ƙarfe ya sa aka feƙe masa sanduna huɗu, kowace tsawon yatsa, masu kaurin milimita takwas, goma, sha uku da sha shida, ya zura su a waya ya rataya a ƙugu. Da su yake aiki. Ƙa'idarsa ba ta da wuyar riƙewa: daga ciki ake auna tiyo, domin mai ba ta baya yake bi ba. Ka zura sanda a ramin da mai ke fitowa daga inji, ka ga wadda ta shiga daidai, to cikin tiyonka kada ya gaza haka, bakin notin da ke riƙe shi ma kada ya gaza.

Kada kuma ka ɗauka in ka ce a sa babba a huta za ka burge shi. Su ma masu wannan ba ya raga musu. "Ƙaramar mota za ka ɗaura wa sha shida?" zai ce. "Da safe kafin mai ya cika wannan rami ya dawo, injin ya gama cin kansa a bushe. Ga shi ba ya lanƙwasuwa, sai ya tokari lagireto ya yi ta gogarsa. Kai in za ka sayi takalmi, na ƙaton gidanku kake saye don kada ya matse ka?" Wanda aka yi wa tambayar yakan yi dariya, shi kuwa ba ya yi, domin ba wasa yake ba.

An taɓa yin wani babban mutum da ya zo da mota mai tsada da direba, ya ce shi siririn tiyo yake so don ya ɓuya a bayan ƙarfe kada ya ɓata masa kyan inji. Tsohon ya ce ba na sayarwa ba ne. Mutumin ya nuna masa naɗin da yatsa, ga shi can a rataye. Ya ce e, a rataye yake, a rataye kuma zai kwana. Maƙwabtan layi suka yi ta yi masa faɗa wai ya kori arziki, ya yi kunnen uwar shegu da su. A gida ma ba a tsira ba. 'Ya'yansa mata biyu sun taso suna tsokanarsa cewa ko miji suka kawo sai Baba ya ce sai ya auna, kuma da lokacin ya zo, a ce ya auna ɗin ba a yi ƙarya ba.

Cikin nan da matarsa ke ɗauke da shi ranar da aka kore shi, shi ne yau mai garejin. Injiniya ake kiransa. Uban ne ya fara laƙaba masa don tsokana sa'ad da ya shiga makarantar koyon sana'a, sunan ya bi shi. A faɗi gaskiya, Injiniya ya iya aiki. Shi ya mayar da rumfar tiyo gareji mai rufin kwano da daɓen siminti, ya kawo na'urar ɗaga mota da kwamfutar da ake jona wa inji ta faɗi ciwonsa, ya ɗauki ma'aikata shida. Ya kusa arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma har yanzu in uban ya dube shi sai ya gyara tsayuwa. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: ya yi odar na'urar ɗaga mota ta biyu, kuma duk faɗin garejin babu inda za ta zauna sai kusurwar hagu daga ƙofa.

Da kusurwar ce kawai, da an daɗe ana ja babu wanda ya ci. Amma akwai maganar ido. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe wa tsohon gani. Rubutun jikin tiyo ne ya fara guje masa, sannan lambobin ma'auni suka bi. Bai gaya wa kowa ba. Ya ɗauki zarto ya yi wa sandunansa tsaga a gindi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, don yatsa ya karanta abin da ido ya kasa, ya ɗauka ya rufe asirinsa ruf. Sai ga shi wata rana ya yanka wa wani tiyon ruwa a madadin na baƙin mai, wanda zafin mai zai kumbura shi ya fasa cikin 'yan makonni. Injiniya ya gani kafin motar ta fita, ya canza shi bai ce uffan ba. Washegari sai ga kujera mai laushi, mai hannuwa, an sauke a gida, wai ta Baba ce, ya riƙa hutawa.

"Kujerar ta yi kyau," in ji matarsa da safe, tana zuba masa shayi. Ita kaɗai ce a duniya ke gaya masa magana son ranta ta kwana lafiya.

"Ki zauna a kai, to."

"Ni ai ina gani. Malam, shekaranjiya fa randar ruwa ka gaisar, ka ɗauka maƙwabciya ce."

"Randar ta fi ta fara'a."

Ta yi dariya har ta aje butar shayin, sannan dariyar ta ɗauke. "Ɗan nan naka ba ƙinka yake ba. Tsoro yake ji kada ka yi abin da za a yi maka dariya a layi bayan shekara arba'in."

"Kuskure ɗaya na yi, na kuma san inda na yi shi. Yanzu sansana tiyo nake, in lanƙwasa shi, in sa masa farce. Na ruwa da na mai ba warinsu ɗaya ba."

"To ka gaya masa ba ka gani, a kai ka asibiti."

"In gaya masa, ya ɗauke bencin kafin in dawo?"

Ita ma ta san hakan na iya faruwa. Ya shanye shayinsa ya fita, kujerar kuwa kyanwar gidan ce ta gaje ta.

A makon ne Injiniya ya same shi a benci kafin ma'aikata su iso, ya rusuna ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye sannan ya fito da maganar. Na'ura za ta iso ƙarshen wata. In Baba ba ya son zaman gida, akwai ɗakin ajiya a baya, a kai bencin can, ya riƙa yanka abin da aka aiko masa a yanka. Amma zaɓen girman tiyo da magana da masu mota, a bar wa Injiniya. Tsohon ya saurara har ƙarshe yana goge sandunansa da tsumma. Ya san ɗakin nan sarai: babu taga, ƙwan lantarki ɗaya, tsofaffin tayoyi har rufi. "Na ji," kawai ya ce. Injiniya ya tashi da murna wai an amince, alhali duk wanda ya san tsohon ya san ko taƙi ɗaya bai matsa ba.

Ana saura kwana biyar wata ya ƙare Mai Bulo ya shigo. Ƙaton mutum ne mai yawan dariya, yana da ƙaramar motar ɗaukar kaya guda ɗaya tilo. Da ita yake jigilar bulo zuwa sababbin gine-ginen da ke kan tudu, sawu shida a rana, da ita kuma yake ciyar da gidansa. Motar ta kamu da irin cutar nan, da rana ta take sai jar fitila ta riƙa ƙiftawa. Ya yi odar kula ta waya, ya jira mako uku, yau ga shi ya rungumo kwalin kamar jariri. Da aka buɗe, aiki ya tsaya a garejin. Kula sabuwa fil, ga tiyo biyu sanye da saƙar ƙarfe mai ƙyalli, bakunansu da notuna shuɗi da ja. Har mai fenti ya baro aikinsa ya zo kallo.

"Irin na motocin tsere ne," in ji Mai Bulo, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Injiniya ya cire filtar mai, ya auna ramin da mai ke fitowa: sha uku. Ya ɗora ma'auninsa a kan tiyo mai ƙyallin: sha huɗu. "Ya isa har da ƙari," ya ce. "Ku kawo sifana."

"A miƙo mini shi."

Daga kusurwar hagu muryar ta fito. Ma'aikatan suka dubi juna.

"Baba, na auna," in ji Injiniya.

"Na ji ka auna. A miƙo mini."

Mai Bulo, da bai san abin da ke ƙasa ba, ya ɗauki tiyo ɗaya ya kai masa da hannu biyu yana jiran yabo. Tsohon ya jinjina shi a tafin hannu, ya lanƙwasa shi a gwiwa, ya ji yadda ya ƙi. Tiyo mai faɗin ciki ba ya irin wannan taurin, wannan duk jiki ne. Ya kwance wayar sandunansa, yatsansa ya lalubo mai tsaga uku, ya kai ta bakin noti. Ta ƙi shiga. Mai tsaga biyu ma ta tsaya a ƙofa. Mai tsaga ɗaya ce ta shige, ita ma da ƙyar.

"Takwas," ya ce. "Wannan na man giyabos ne, mai ruwa-ruwa, ba na baƙin mai ba. Injin da ke fitar da sha uku ba a tura shi ta takwas."

"Bakin notin ne kawai ya tsuke, Baba. Tiyon sha huɗu ne, ga ma'auni."

"Bayansa ka auna. Rigar ƙarfensa ka auna, Injiniya. Ko da ma bakin ne kaɗai ya tsuke, man ta ina zai shiga, ta taga?"

Wani cikin ma'aikatan ya yi dariya ya mayar da ita tari. Dariyar nan ce ta ɓata komai. Injiniya mutum ne mai haƙuri, amma ga shi a gaban ma'aikatansa da baƙo an mayar da shi ɗan koyo, ga maganar kusurwa da ta daɗe tana cinsa. Ya ɗauki kwalin ya je ya dire shi a kan benci a gaban uban.

"Kamfanin da ya yi shi ya rubuta irin motocin da yake yi wa. Ga shi nan a jiki. Karanta mana, Baba."

Tun kafin ya rufe baki Injiniya ya yi nadama, an gani a fuskarsa, amma maganar ta riga ta fita. Tsohon ya dubi kwalin. Fari-fari da ja-ja kawai yake gani, da wasu baƙaƙen layuka suna iyo. Kunya ta rufe shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana saurayi, sannan wani abu mai zafi ya taso masa ya danne kunyar. Ya ture kwalin gefe.

"Ba na gani," ya ce da ƙarfi, don na baya ma su ji. "Shekara biyu ke nan ba na ganin rubutu. Abin da kake so a ji ke nan, to an ji. Amma shi ma mai ba ya karanta kwali."

Ya miƙe, ya sa tiyon a matsi ya ɗaure tamau, ya laluba ya ɗauko zarto. Kafin kowa ya gane nufinsa har ya fara. Saƙar ƙarfen ta riƙa wata ƙara mai kashe haƙori. "Baba! Mako uku fa na jira!" Mai Bulo ya yi kururuwa ya yo kansa, amma ganin yadda tsohon ya tanƙware a kan zarton sai ya ja birki, ya tsaya yana yarfe hannu. Injiniya bai motsa ba. Tiyon ya rabu biyu.

"Kai da idonka ke aiki, duba," in ji tsohon, ya miƙa wa Mai Bulo guntun.

Mai Bulo ya juya shi a hannu. Saƙar ƙarfe, sai roba mai kauri, sai can a tsakiya wani ɗan rami. Ya gwada ƙaramin yatsansa, ko farcen bai shige ba. Ya leƙa ramin injin inda aka cire filta, ya sake duban na hannunsa. Dariya ta bar fuskarsa.

"Da rana, in mai ya yi zafi ya tsinke, wataƙila ya lallaɓa ya wuce," in ji tsohon. "Amma da safe yana da kauri, ga bulo a bayanka, ga hawa. Famfo zai tura, hanya ta ƙi, abin da zai isa cikin injin ba zai kai rabi ba. Fitila ma ba lallai ta gaya maka da wuri ba. Mako biyu, uku, sai ka ji ƙara, shi ke nan. Ka zo neman sanyi, ka tafi da injin da zai buga."

"To yanzu yaya ke nan, Baba?" Mai Bulo ya tambaya a sanyaye. Haushin tiyonsa bai sake shi ba, amma tsoron injin ya fi yawa.

Tsohon ya sa aka miƙo kular, ya gwada bakinta, sanda mai tsaga uku ta shige sumul. "Wannan lafiyarta lau. Tiyon ne aka haɗo maka da ba nata ba." Ya miƙa hannu sama ya sauko da naɗi na uku daga bango, ya sansana, ya danna masa farce, ya zura sanda. Ya zaɓo notuna masu faɗin baki daga gwangwani. Sannan ya je gaban motar da igiya, ya bi da hannu ta inda tiyon zai bi, nesa da zafin salansa, babu lanƙwasa mai tsanani, babu tsawon banza. Ya ƙulla igiyar inda ta tsaya, ya dawo ya yanko biyu. "Ka riƙe waɗannan a madadin naka da na ɓata."

Injiniya ne ya miƙo hannu ya karɓa. Kafin ya fara, an ga ya ɗauki guntun mai ƙyalli ya sa bakin ma'auninsa a cikin ramin, ya daɗe yana duban lambar. Ya kori ma'aikacin da ya matso, ya kwanta ƙarƙashin motar da kansa, ya ɗaura aikin tsaf yadda ya saba. Aka ƙara mai don cika kular, aka tayar da inji, jar fitila ta mutu nan take. Tsohon ya dafa tiyon biyu, ya tsaya har sai da ya ji ɗumi ya zo ta ɗaya ya koma ta ɗaya. Mai Bulo ya tafi yana godiya yana ƙunƙuni lokaci guda, wai baƙin tiyo ba shi da kyan gani, ya kuma kwashe guntayen masu ƙyalli ya tafi da su, ko me zai yi da su oho.

Da rana ta karkata Injiniya ya wanke hannu ya zo ya tsaya gaban benci. Ma'aikata suka ja baya, kowa ya nemi abin gogewa, kunnuwa kuwa duk suna kusurwar hagu.

"Baba, a kan tiyo kai ke da gaskiya. Takwas da rabi ne. Abin da na yi maka da kwalin kuma ka yafe mini, ban kyauta ba."

"Ba ka kyauta ba."

"Amma ka sa wa kayan mutum zarto ba da izininsa ba. Da ramin ya fito da faɗi fa? Yau ka dace, gobe fa? Ba zan iya riƙe gareji ina jiran ranar da hannunka zai yi irin kuskuren idonka ba. Na'ura na nan tafe. Ko gida, ko ɗakin baya. Asibiti kuma zan kai ka, ko ka so ko ka ƙi."

Bai janye ko kalma ɗaya ba. Uban ya saurari taurin kansa yana fitowa daga bakin ɗansa. Abin ya yi masa ciwo, ya kuma burge shi, ya rasa wanne ya fi.

"Ba dace na yi ba, aunawa na yi," ya ce. "Asibiti zan je. Gida ba zan zauna ba, ɗakin baya kuma a bar wa tayoyi. Ni ba a aiko mini da girman tiyo in yanka ban taɓa injin ba."

Ya fara sauke naɗe-naɗen tiyo daga ƙusoshi yana tarawa a kan benci. A tsallaken titi akwai wani mai walda da rumfarsa ta yi masa yawa, rabinta babu komai sai inuwa. Tsohon ya ɗaga murya ya tambaye shi ko inuwar nan tana da mai ita. Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa, ya dubi tsohon, ya dubi Injiniya, ya ce ba ta da kowa, Baba ya zo.

Sai-Na-Auna ya kama gefen bencin ya ja. Bencin da ya fi shekara goma bai motsa ba bai san da zancen tashi ba. Ya sake ja, ƙafafun ƙarfen suka yi ƙara a kan siminti suka ɗan gusa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ma'aikata shida suna tsaye, babu wanda ya isa ya taimaka, babu kuma wanda ya isa ya hana. Ya tsaya ya mayar da numfashi, ya goge tafin hannu a riga, ya sake kamawa. Sai ya ji ɗaya gefen ya tashi sama, nauyin ya ragu. Ba sai da ido ba ya san ko wane ne.

"Ina za ka kai shi?" ya tambaya.

"Inda ka ce, Baba."

"Tsallake na ce."

Injiniya ya gyara riƙo. Suka fito ta ƙofar gareji, ɗan a gaba yana tafiya da baya yana waiwayen motoci, uban a baya yana fuskantarsa. Tsohon ba ya ganin fuskar ɗansa, amma yana jin yadda yake jan hanci, ga hannuwa duka a katako babu na share hawaye. Motoci suka tsaya musu. A tsakiyar titi ƙafar bencin ta gefen Injiniya ta taɓa kwalta ta yi ƙara.

"Ɗaga da kyau," in ji tsohon. "Kana ja mini ƙafarsa a ƙasa."